Motar da Ake Aunawa Kamar Hatsi

Shekarun baya, lokacin da ƙafafuna ke iya kai ni bakin titi su dawo da ni, wani abu ya same ni wanda ban taɓa zama na ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In kun ga magana ta karkace, ba laifin mai rubutu ba ne, bakin tsohuwa ne.

Ina da ɗa na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba. Ku yaran yanzu za ku yi mamaki, amma mu haka muka taso. Ɗan fari na kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa, in ya faɗi ba uwar ke fara tashi ba. Ranar da aka yaye shi uwar mijina ta goya shi ta kai ɗakinta. Can ya girma, gida ɗaya da ni, zana ce kawai tsakaninmu. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen babansa suna faɗa. In na dama fura mai kyau sai in aika ɗakin tsohuwa in ce tata ce, alhali duk gidan an san tsohuwa ba ta shan fura mai yaji.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce yanzu mu 'yan Kebbi ne, a shekarar ya ajiye fartanya ya bi mota. Ya sha wahalar koyo, ya zama direba, ya yi aure ya zauna a Jega. Daga baya wani Alhaji ya ba shi a-kori-kura, yana ɗaukar albasa daga Aliero ya kai Jega, ya kai Maiyama, wani lokaci ya dawo da gero ko awaki.

Ƙauyenmu yana can bayan Danwarai, ba a kan titi yake ba. Sai an bar kwalta an bi hanyar ƙasa, a wuce kwalbati, a wuce wasu giginyu uku, a wuce rijiyar makiyaya, sannan a hango tsamiyar bakin gari. Hagu da dama fadama ce. Da rani injinan ban ruwa ba sa yin shiru daga hantsi har magariba, har kunne ya saba ya daina jin su.

Kowace ranar kasuwar Jega yakan ratso. In ya iso tsamiya sai ya danna oda sau biyu. A lokacin tsohuwa ta riga ta rasu, babansa ma ya rasu, don haka sai ya ce baffansa ya zo gaidawa. In sun gama sai ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa a waje, ni ina ciki bayan asabari.

"Yaya, an wuni lafiya?"

"Lafiya."

"Ya gida?"

"Lafiya."

Iyakar hirarmu ke nan, shekara da shekaru. Abin da nake gani ta ƙasan asabari ƙafafunsa ne. Akwai tabon ƙuna a idon sawunsa na hagu, salansar mota ce ta yi masa tun yana koyo. Da za a tara ƙafafun mutanen Jega duka, zan fitar da nasa ba tare da na yi kuskure ba.

To, sai wata kasuwa ta zo ban ji oda ba. Ta biyu ta zo, shiru. Ta uku ma haka. Ban tambayi kowa ba, ina ni ina tambayar ɗan fari. Amma ina da aminiya, maƙwabciyata, shekara ɗaya aka kawo mu garin, ita kuwa Allah bai yi wa bakinta murfi ba. Ta leƙo ta same ni da tsintsiya.

"Ke, sau uku ke nan kina sharar ƙofar ɗaki yau. Gwamna za shi zo?"

"Kaji ne ke ɓata wuri."

"To kajin sun ce in gaya miki, an sa ma motatai ido."

Ta zauna ta warware mini, don surukinta yana aiki a tasha. Ta ce Alhajin ya sa wata 'yar aba a cikin motocinsa, ba ta fi akwatin ashana biyu ba, tiraka suke ce mata. Ita ke magana da tauraron ɗan Adam da ke sama, shi kuma ya gaya wa wayar Alhaji duk inda taya ta taka. A da, direba yakan kai wa mai mota abin da suka yanka a mako, ko ya yi tafiya da yawa ko kaɗan. Yanzu an daina. Gwargwadon nisan da ka yi, gwargwadon abin da za ka biya. Kilomita suke ce wa mudun nasu.

Na ce, "Yanzu hanya ma auna ta aka yi kamar hatsi?"

Ta ce, "Har da wadda ta zo ƙofar ɗakinki."

Ban ce Alhaji ya yi zalunci ba, ko a lokacin ban ce ba. Wasu direbobin sukan kai mota inda ba a aike su ba, su dawo masa da taya a cinye. Sai dai abin nan na sama bai san bambancin hanyar kasuwa da hanyar gaida uwa ba. Duka ƙasa ce a wurinsa. Kuma ba a barin mota da kayan mutane a bakin titi a tako ƙauye da ƙafa.

A kasuwa ta huɗu na ji oda sau biyu. Da na zaci zan yi murna, sai na ji kamar an ɗebi tuwo daga kwanon 'ya'yansa an zuba a hanya saboda ni. Yana da yara biyar a lokacin. Da ya durƙusa muka yi gaisuwarmu, sai na ɗaga murya kamar da baffansa nake magana, na ce, "A gaya ma masu mota su daina wahal da kansu da hanyar ga. Mu nan lafiya muke, ba abin da ya same mu."

Ƙafafun nan suka daɗe ba su motsa ba. Can ya ce, "To, Yaya."

Yaro ne mai jin magana. Wannan shi ne abin da ban lissafa da shi ba. Na ce kada ya zo, bai zo ba. Wata biyu cur ina zaune da maganata, ita ke ci na, ni ke haɗiye ta. Ranar kasuwa in jakin wani ya yi kuka a wajen tsamiya sai in zabura, in zaci oda ce.

Wata rana na tambayi aminiyata, kamar ba komai, "Wai abin nan, in mota ta tsaya, shina auna tsayuwar?"

Ta ce, "An ce tafiya aka aunawa. Tsayuwa kyauta ce." Ta kalle ni ta gefen ido. "Mi kike ƙullawa?"

Na ce sana'a zan fara. Hoce, wainar nan ta garin dawa, zan riƙa gasawa in kai bakin titi ranar kasuwa.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Hocenki? Wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ciza?"

Gaskiyarta, ban taɓa iya hoce ba. Matan garinmu in sun gasa nasu na garin dawa sai ya fito da laushi, nawa kuwa kamar marfin tukunya. Amma ku duba. Uwa ba ta zuwa gaida ɗa, balle ɗan fari, garin zai ɗauka. Talla kuwa ba wanda ya hana tsohuwa.

Ranar kasuwa na ɗauki faranti na bi hanya, na wuce rijiya, na wuce giginyu, na wuce kwalbati, na zauna a inuwar dogon yaro kusa da mai faci, a daidai inda hanyarmu ta haɗu da kwalta. Bayan azahar na hango motar. Ta wuce ni da gudu, sai na ji birki. Na ga ta tsaya can gaba. Bai dawo da ita da baya ba, don ko baya ya yi an auna. Da ƙafa ya tako. Na sunkuyar da kai, na ga tabon nan ya zo ya tsaya gaban farantina.

Mai faci ya daina buga taya yana kallonmu. Ina jin da ya ce mini Yaya a ranar, da na kwashe farantina ban sake dawowa ba. Amma Allah Ya ba shi hankali. Ya tsuguna ya ce:

"Mai hoce, sannu da rana. Na yau ne ko na bara?"

Na ce, "Ka ciza ka ji."

Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a bakin faranti. "Wanga in anka jefi kare da shi sai an biya diyya."

"Haƙoran mutanen birni ne ba su da ƙwari. Shayi ya gama da ku."

Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Ya yi dariya, na ji dariyarsa a kusa, ashe irin ta babansa ce. Ya saye farantin duka.

Daga nan abin ya zama mana hanya. Ni mai hoce, shi mai saye. Abin da uwa ba ta iya tambayar ɗan fari, mai talla tana iya tambayar mai ciniki.

"Yaran gidanku suna cin shi kuwa?"

"Suna ci. Ƙaramar ce ba ta iyawa, haƙori take yi, ta hana kowa barci."

"A jiƙa mata da nono. Kuma a daina ba ta ruwan randa da rana tsaka."

"Za a faɗa ma uwarta. Mai hoce, rufin ɗakinku fa, an gyara kafin ruwa?"

"Mi ya haɗa mai saye da rufin ɗakina?"

"In ruwa ya jiƙa garin dawa, mu za mu rasa."

Kwana uku bayan wannan sai ga masu gyaran rufi sun zo, wai baffansa ne ya turo su. Baffan da ko ɗakinsa yoyo yake.

In wani ya tsaya zai saya kafin ya iso, sai in tsawwala kuɗi har ya tafi yana tsaki. Mai faci ya ce bai taɓa ganin mai talla da ke korar ciniki ba sai ni. Rani biyu da damina ɗaya muka yi a haka. Duk tsawon nan ban ɗaga kai na kalli fuskarsa ba. Ƙafa nake kallo, da hannu in ya miƙo.

A rani na biyu na zame a bakin rijiyar gida, ƙafata ta goce. Aka kai ni Aliero wurin masu ɗori, suka ɗaure, suka ce in zauna wata guda. Na yi kasuwa uku a ɗaki, ta huɗu na kasa. Aminiyata ta ce, "Ki bari ƙafar ta kama." Na ce ciniki zai lalace. Na ɗora faranti a kai, na riƙe sanda, na ja ƙafa har bakin titi.

Ya zo da la'asar, ya sauke kaya a Jega zai koma Aliero. Ya tsuguna, amma bai taɓa hocen ba. Na ga hannunsa ya nufo ƙafata mai ɗauri, ya tsaya a hanya, ya koma.

Ya ce, "Yaya, tashi ki shiga in kai ki gida."

Ba mai hoce ya ce ba. A gaban mai faci, da masu jiran mota, da wasu mata biyu 'yan garinmu masu tallan nono. Na ji kamar an yaye mini mayafi a tsakiyar kasuwa. In zauna a gaban mota kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari, a shiga da ni gari ana kallo?

Na ce, "Abin sama shina aunawa."

Ya ce, "Shi auna. Nawa ne duka?"

"Ni ban shiga motar da aka auna kamar hatsi."

"Yaya, ƙafar ga ba ta kai ki."

A nan ne na faɗi maganar da har yau ban yafe wa kaina ba. Na ce, "Ni mai hoce ce. In za ka saya ka saya, ka biya, ka kama hanyarka."

Ya kwashe hocen a leda, ya ajiye kuɗin a faranti, ya miƙe. Ni ma na miƙe da sandata na juya na kama hanyar ƙasa.

Tafiyar nan ta ba ni wuya. A kwalbati na zauna na huta. Na tashi na ja har giginyu, na jingina da ɗaya ina haki. A rijiyar makiyaya na sake zama, har wata Bafulatana ta ba ni ruwa. Duk tafiyar ina jin ƙugin inji can baya-baya, na ce na masu ban ruwa ne. Ban waiwaya ba. Raina yana ce mini ki waiwaya ko ki hango ƙurar motarsa a kan titi, na ce a'a, uwar ɗan fari ba ta waiwaye. Ina alfahari da kaina ma, wai na riƙe mutunci, na kuma tsare masa kuɗinsa.

Kwana huɗu bayan nan amai da gudawa suka kama shi a Maiyama da hantsi. Aka kai shi asibiti, kafin la'asar Allah Ya karɓi abinSa. Aka kawo shi Jega. Ko da aka zo aka ɗauke ni a babur, na tarar maza suna dawowa daga maƙabarta.

Na zauna a ɗakin matarsa ana ta shigowa gaisuwa. Ban yi kuka ba. Mata suna cewa, "Kun ga haƙuri irin na mutanen da." Ba haƙuri ba ne. Magana ɗaya ce ke kai da kawo a kaina: ka biya, ka kama hanyarka. Ita ce ta ƙarshe da ya ji daga bakina, kuma ya tafi yana ganin na kore shi.

Ranar bakwai aka ce Alhaji mai motar yana sallama da ni. Ban taɓa ganinsa ba. Na zaci wani ƙaton mutum ne, sai ga ɗan siririn dattijo da furfura. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a. Sannan ya ce, "Inna, akwai maganar da ta tsaya mini, in ban faɗa miki ba ba ni samun sukuni."

Na ce ina ji.

Ya ce, "Ranar kasuwar da ta wuce kafin rasuwatai, na duba waya na ga mota ta bar kwalta ta shiga hanyar garinku, ba kaya a ciki. Tafiyar da mota ke yi kafin a sha kofin shayi, ta fi sa'a guda tana yin ta. Ta tafi kaɗan, ta tsaya. Ta tafi, ta tsaya. Na ce mota ta lalace. Na kira shi da faɗa, na ce mi ya sami motar, kuma mi ka kai can?"

Ya murza hularsa a hannu.

"Sai ya ce mini, Alhaji, mota lafiyarta lau. Innata na raka gida, ƙafarta na ciwo. Ka auna, in biya."

Na ce, "Mi ya ce?"

Ya maimaita. Innata.

Na ce ya nuna mini. Ya miƙo wayar ta hannun matar marigayin. Ni ban san baƙi ba, amma wannan ba karatu ba ne. Wani jan zare ne ya fito daga babban layi ya lanƙwasa, an yi masa ƙulli uku. Na ɗora yatsa a kan na farko na ce, nan kwalbati ne. Na biyu, giginyu. Na uku, rijiyar makiyaya. Duk inda na zauna, ya tsaya can baya ya jira ni. Zaren bai kai tsamiya ba, ya juya kafin nan, don kada 'yan gari su gani in ji kunya.

A nan kukan ya zo. A gaban Alhaji, a gaban matarsa, a gaban 'yan gaisuwa. Duk kunyar da na tara shekara arba'in da wani abu ban san inda ta shiga ba.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ce abin da ya karɓa na wannan tafiyar yana so ya mayar, ya hana shi barci. Na ce in zai taimaki marayu ya taimake su don Allah, wannan dabam. Amma kuɗin tafiyar nan kada ya mayar. Tafiyarsa ce, ya saya, ya biya. Ba na son a ƙwace masa ita.

Yau shekaru sun tura. Ƙaramar nan mai haƙori har ta fi ni tsawo. Mutane sukan tambaye ni ko ina jin haushin abin nan na sama. Ban sani ba. Shi ya raba ƙofar ɗakina da odar nan biyu. Shi kuma ya kai ni bakin titi, inda na ji dariyar ɗana. Ranar da ni uwarsa na ƙi waiwayawa, shi kaɗai ya gani, ya ajiye mini. Ban san yadda ake jin haushin abu irin wannan ba, ban kuma san yadda ake gode masa ba.

Kunya ma ban zage ta ba. Da ita aka raine mu, kuma ta tsare abubuwa da yawa. Sai dai in na ga yarinya ta haifi na fari tana kawar da kai, nakan jawo ta gefe in ce, sunan ki bar shi in kina so, amma fuskar ki kalla. Ni sai da matarsa ta ba ni hoton jikin lasisinsa na san yana da furfura a gemu.

Hoce ban sake gasawa ba, garin ma ba wanda ya yi kewarsa. Ƙafar ta warke, amma ta bar mini ɗingishi. Yanzu ko gona za ni, in na ji ƙugin inji a bayana, na san na masu ban ruwa ne, na sani sarai. Amma sai na tsaya, na dogara sandata, na waiwaya.